Ranar da Na Je Idi da Fuskar Aro

Kwalbar faundeshan ɗin da na taho da ita daga Kano ta yi mini fiye da shekara a Tokyo, ba don tattali na ba, don takunkumin korona. Lokacin da na biyo Maigida nan inda yake karatu, kowa fuskarsa a rufe take, daga ido sai goshi. In zan fita, kwalli da jagira sun wadatar. Sai ranar 13 ga Maris 2023 gwamnatin Japan ta ce kowa ya yi yadda ya ga dama da takunkuminsa. Mutanen ƙasar ba su yi gaggawar cirewa ba, ni kuwa na yar da nawa tun kafin a gama karanta sanarwar. Daga nan kwalbata ta kama hanya. Zuwa watan Yuni sai na kifa ta a tafin hannu ina bubbuga gindinta kamar mai neman ragowar manja, ga Babbar Sallah saura mako guda, ga leshina ruwan zuma da Umma ta aiko yana rataye yana jira.

Maigida ya ce in yi haƙuri, akwai wanda zai dawo daga gida bayan Sallah, sai ya taho mini da irin wadda na saba. Na ce masa haba, ƙasar da kamfanin Shiseido ya kafu tun 1872, shekara 31 kafin Turawa su shiga Kano, a ce a nan zan rasa abin shafawa a fuska? Bai yi musu ba. Ya dai bi ni da kallo, ya miƙo mini kuɗi.

Abin da suke kira kantin magani a nan, magani kaɗan ne a ciki. Sauran duk sabulu ne da alewa da kayan kwalliya jere reras, ga fitilu kamar ɗakin tiyata. Na tsaya gaban kantar faundeshan ina neman launina, na duba sama na duba ƙasa. Launi shida ne kacal. Huɗu suna ɗauke da sunan okuru, da lamba 00 da 10 da 20 da 30, sai ɗaya mai ɗan ja-ja, ɗaya mai ɗan rawaya. In aka jera su, ka ce kunun gyaɗa ne aka dama a kofi shida, kowanne da ɗan bambancin ruwa. Ni kuma ko wankan tarwaɗa ban kai ba. Baƙa ce sosai, irin wadda kakata take yi wa kirari da baƙar tukunya mai fitar da farin tuwo.

Mai hankali a nan zai juya. Ni sai na yi lissafi: tunda lambar tana hawa launin yana ƙara duhu, ai 30 ita ce tawa.

Wata yarinya mai sayarwa ta zo ta rusuna, muka fara hira ta manhajar fassara a wayata. Tambayarta ta farko, wace irin fata gare ni. A nan an raba fata gida-gida: mai bushewa, mai maiƙo, mai haɗa biyun, da mai saurin ɓaci. Na ce mata tawa dai a lokacin sanyinsu, wanda bushewarsa take tuna mini da hunturun gida, kumatuna har saɓa suke yi, amma yanzu goshina da hancina sai ka soya ƙwai a kai. Ta gyaɗa kai, ta ce mai haɗa biyun ce. Wannan kam ta canka daidai. Lokacin muna tsakiyar damunarsu da suke kira tsuyu, wadda take kamawa daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Ba ruwan saman ne matsalar ba, damshin ne. Ka fito daga wanka ka goge jiki, kafin ka rataye tawul ka sake jiƙewa.

Tambaya ta biyu ita ta ɗaure mini kai. Wai ni yebe ce ko burube? Ashe matan Japan sun raba kansu biyu: wadda ƙasan fatarta yake ɗaukar rawaya, da wadda nata yake ɗaukar shuɗi, kuma da wannan suke zaɓar jambaki da hoda har da tufafi. Wata hanyar ganewa ita ce a duba jijiyoyin tsintsiyar hannu, in kore suke ke yebe ce, in shuɗi burube. Na miƙa mata hannu. Ta duba, ta juya shi, ta matso da shi kusa da fitila. Ba jijiya ba alamarta. Ta mayar mini da hannuna da hannu bibbiyu kamar ajiyar da aka ba ta.

Sai muka zo kan firaima, wanda suke kira shitaji, wato abin da ake shimfiɗawa a ƙasa. Da kalmar nan maginansu ma suke kiran shafen farko na bango kafin a yi fenti. A wajensu ba a sa faundeshan a kan fata tsura, sai an yi wannan shimfiɗa, kuma launi-launi ce: kore ga mai jan kumatu, ruwan hoda ga wadda fuskarta ta koɗe, shunayya mai haske ga mai son abin da suke kira tomeikan. Na tambayi wayata mene ne tomeikan, ta ce fata ta yi garau kamar ana hango ruwa a cikinta. Wa zai ƙi wannan? Na ɗauki shunayya. A jikin kwalin an rubuta SPF50+ da PA++++, na ga alamar tarawa har huɗu, na ce lallai abin nan ya ci jarrabawa.

Na ɗiga okuru 30 a cikin tsintsiyar hannuna, can kusa da tafi, wurin da ya fi ko'ina haske a jikina, na murza. A ƙarƙashin waɗannan fitilu sai na ga kamar ya shige. Na nuna wa yarinyar ina murmushi. Ta kalli hannun, ta kalli fuskata, ta karkata kai gefe, ta ja iska ta tsakanin haƙora, ta ce, "Chotto..."

Kalmar nan na san ta, tana cikin darasin farko na ajin koyon Japananci da nake zuwa. Ma'anarta "kaɗan". Na fassara wa kaina cewa kaɗan ya rage ya yi daidai, kuma kaɗan ai ba ya hana Sallah. Abin da malamarmu ba ta kai ga koya mana ba shi ne, Bajapane ba ya son ce maka a'a ƙiri-ƙiri. In ya ce chotto ya yi shiru, ya gama magana. Daidai yake da ka je neman rance wajen Alhaji ya ce maka "bari mu gani zuwa jibi". Baiwar Allah ta yi iyakar ƙoƙarinta ta cece ni, ni kuwa na ce mata arigato, na biya kusan yen dubu biyar, ta raka ni da rusunawa har bakin ƙofa. Yanzu da nake tunawa, irin rusunawar da ake yi wa mai tafiya asibiti ce.

Ranar Sallah na tashi da asuba, na yi alwala tukuna don kada ruwa ya taɓa kwalliyar, na shige banɗakinmu. Banɗakunan gidajen haya a nan kamar akwatin roba suke, namu ba taga, sai ƙwan fitila ɗaya mai ruwan ƙwai. Na shimfiɗa shunayya. Na ga fuskar ta ɗan yi fari, na ce faundeshan zai rufe. Na sa faundeshan, na ga bai rufe ba, na ce ƙila bai isa ba, na ƙara. Na bi da hoda. A wannan fitilar, wallahi, har na yi wa kaina murmushi.

Na fito na ce, "Maigida, yaya ka gani?"

Ya ɗago, ya buɗe baki, ya rufe, ya kalli agogo. Ya ce, "Masha Allah. Mu tafi kada jirgi ya wuce."

A jirgin ƙasa ba wanda ya kalle ni. Wannan shi ne haɗarin Japan. Da a Kano ne, kafin in kai bakin titi yaran layinmu sun sanar da ni, in sun yi sake ɗan adaidaita zai ƙarasa. A nan kowa idonsa a kan wayarsa. Sai wani yaro ɗan shekara uku ko huɗu da ke zaune gabana ya zuba mini ido, ya ja hannun rigar uwarsa, ya ce, "Obake." Uwar ta toshe masa baki tana ta ba ni haƙuri. Na ce mata ba komai, har na ɗaga wa yaron hannu, a zatona yabo ne. Sai da daddare na duba kalmar. Fatalwa.

Muka sauka a Yoyogi-Uehara muka taka zuwa Tokyo Camii, wanda ake karantawa "Jami" don rubutun Turkawa ne, su suka gina shi aka buɗe a 2000. Masallaci ne gwanin kyau, da ƙubba da hasumiya da farin marmara. Jama'a ta cika maƙil, 'yan Indonesiya da Pakistan da Turkiyya da Afirka. Kafin mu rabu, shi ya nufi wajen maza ni wajen mata, na ce lallai sai ya ɗauke ni hoto a gaban ginin. Ya ɗauka. Na karɓi wayar na tura zauren WhatsApp na gidanmu ban ko buɗe hoton ba, na rubuta "Barka da Sallah daga Japan".

Ina neman wurin zama sai na ji an dafa ni. Wata dattijuwa ce, da Hausarta irin ta zangon Kumasi. Ta ce, "'Yata, daga ina?" Na ce Kano. Ta riƙe hannuna, ta rage murya, ta ce, "Sannu. Tun yaushe kike fama da jikin?"

Na ce lafiyata ƙalau, Mama.

Ba ta ce komai ba, ta zuge jaka ta miƙo mini ɗan madubi. A hasken rana na ga abin da kowa yake gani tun asuba. Fuska toka-toka mai ɗan shuɗi, kamar kazar da ta yi birgima a murhu, ta tsaya cak a haɓa, daga nan wuyana na gaskiya ya ɗora. Ido biyu da kwalli suna leƙowa daga ciki. Abin haushi kuma, duk gumin da na yi daga tasha, kwalliyar ko gezau. Ba ta tsage ba, ba ta zuba ba. In dai riƙo ne, kayan mutanen nan ba a magana.

Na ruga wajen alwala na watsa ruwa. Ruwan ya gangare kamar a bayan agwagwa. Na cuɗa, na sake cuɗawa, sai ma ƙyalli da ta ƙara. Mama tana tsaye a bayana tana kallo. Can ta sake zuge jakar nan tata ta fito da ɗan gwangwani, ta buɗe. Man kaɗanya. Ta ce, "Shafa wannan, ki goge da hankici." Minti biyu fuskata ta dawo, hankicin kuwa ya tashi daga aiki. Daga baya na gane dalili: kwalliyar da aka yi don ta jure ruwa, mai ne yake narkar da ita, shi ya sa a kowane kanti a nan ake sayar da man wanke fuska na musamman. Mama dai ba ta karanta kwalin kowa ba.

Da aka idar na kunna waya, saƙo ya fi arba'in. Ƙanwata ta riga ta yanko fuskar ta mayar da ita sitika. Yayanmu ya rubuta, "Wace ce wannan ta sa leshin ƙanwata?" Umma kuwa kira ta yi har uku. Da na ɗauka ko gaisuwar Sallah ba ta tsaya amsawa ba, ta ce, "Ki gaya mini gaskiya, bilicin kika fara ko abincinsu ne bai karɓe ki ba?" Kafin yamma labari ya kai wajen Hajiyar Maigida, ta aiko a tambaya ko a yi mini rubutu.

A hanyar komawa na tsare Maigida, na ce don me bai faɗa mini ba. Ya ce, "Kin kashe yen dubu biyar, kin yi awa guda a banɗaki, jirgi saura minti bakwai. Ke a ganinki wanne ne ya fi sauƙi?"

Da hankalina ya kwanta na zauna na karanta kwalayen da kyau. Alamar PA ɗin da na ɗauka sakamakon jarrabawa, ma'auni ne na Japan na kariya daga hasken rana nau'in UVA, huɗu ne ƙarshensa. Cikin abubuwan da suke ba da kariyar akwai zinc oxide da titanium dioxide, dukansu farin gari ne. A fatar Bajapaniya ba a lura da su sosai, a tawa kuwa alli ne a kan allo. Na ɗora wannan a kan shunayyar da aka yi musamman don ta kashe rawaya ta ƙara haske, sannan na rufe da launin da ya fi ni haske nesa ba kusa ba. Gwajin ma ashe a gefen muƙamuƙi ake yi, a fita waje a duba da rana, ba a tsintsiyar hannu ba.

Ban yi fushi da kantin ba, na koma. Yarinyar nan tana hango ni ta sunkuyar da kai. Wannan karon na ce firaima nake so marar launi sam, mai kama maiƙo, in sa a goshi da hanci kawai in bar kumatu su huta. Ta kawo, kuma har yau shi nake saya, don ya fitar da ni watan Agusta lafiya. Ta haɗa mini da 'yan takardun tsotse maiƙo da suke kira aburatorigami, waɗanda asalinsu takardun da maƙeran zinariya suke bugun ganyen zinariya a tsakaninsu ne. Faundeshan kuwa na jira mutumin Maigida ya kawo mini daga gida, kwalba uku, na ɓoye biyu a ƙasan akwati.

Saura okuru 30, kwalba kusan cike, ta zauna a kan kanta wata da watanni, jefarwa ta gagare ni saboda kuɗina. Rannan ɗanmu ya ɗauki motarsa ta wasa ya karce jikin ƙofar ɗaki, zane mai tsawon taƙi guda. Maigida ya dafe kai, don a nan in za ka tashi daga gida sai an bi bango da ƙofa an duba, duk abin da ka ɓata a cire daga kuɗin ajiyarka. Ina tsaye ina kallon katakon ƙofar, sai na ga launin kamar na san shi. Na ɗauko kwalbar, na ɗiga a yatsa, na shafa a kan zanen.

Ya shige tsaf. Maigida ya durƙusa, ya haska fitilar waya, ya nema ya rasa. Ya miƙe yana kaɗa kai, ya ce, "Ashe dai akwai mai launin a gidan nan."