Abin da dutsen Yuta ya yi wa wandona

Duk wanda ya ga hoton yagaggen wandona da Injiniya ya tura guruf ɗinmu, ya dakata ya ji ta bakina tukuna.

Shi ne ya ci ƙuri'ar takardar izinin shiga kwazazzabon nan da ake kira Subway, a gandun Zion da ke jihar Yuta a Amurka, don ba a shiga sai da takarda. Ya ce tunda mun zo, sai mu haɗa da tsaunin South Guardian Angel, mai tsayin sama da mita 2,100, duk a wuni ɗaya. Na yi masa maganar rigar robar da ake haya saboda ruwan sanyi, ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Hamada fa za mu, malam." Kun dai san shi. In ya ce "malam" da wannan muryar, an rufe zance.

Hawan bai ba ni wuya sosai ba, ban da surutun Injiniya. Tun daga gindin tsaunin yake mana lacca, wai duk wannan farin dutsen tudun rairayi ne na shekara wajen miliyan 180 da ya dunƙule, wai layukan da muke takawa sawun iska ne. Abin da bai faɗa ba shi ne dutsen yashi yana cin yadi kamar samfefa. Wajen saukowa, shi da Auta suka miƙe tsaye suna tafiyarsu. Ni na leƙa gangaren, na ga babu ko tsiron da mutum zai kama, na zauna abina na dinga jan gindi. Na ji iska na shiga ta wani wajen da ba ta saba shiga ba, amma na ɗauka albarkar tsauni ce.

Sai kwazazzabo. Jama'a, rana ba ta leƙa ƙasan wurin nan, ruwan da ke kwance a guraben dutsen kuwa ko ƙanƙara albarka. Wani wurin bango da bango sun matse, dole ka tura jakarka gaba ka yi iyo. Da ruwan ya kai mini ƙirji, duk addu'ar da na sani sai da ta fito, har da ta shiga kasuwa. Injiniya haƙoransa na kaɗawa, amma wai shi "jiki ne ke sabawa."

To, ga inda abin ya faru. Kafin ka isa wurin da ruwa ya rarake dutsen ya zama kamar bututu, wanda saboda shi aka raɗa wa kwazazzabon suna Subway, wato hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, akwai gangare na ƙarshe da ake sauka da igiya. Nan ne kuma masu tahowa ta ƙasa suke tsayawa ɗaukar hoto, don daga nan ba su iya yin gaba. Na ɗaura ɗamara, na saƙala igiya, na juya baya kamar yadda aka koya mini: ƙafa a ware, jiki a kwance baya. Wato daidai inda dutse ya cinye, shi na saita wa jama'a.

Na fara sauka ina jin kaina gwani. Sai na ji ƙasa ta yi tsit. Can wani yaro ya ce wani abu, uwarsa ta ce masa shhh. Na waiga in ga me ake ciki, ƙafata ta taka gansakuka, na zame, na kama juyawa a jikin igiya a hankali, a hankali, yadda duk wanda bai gani ba daga dama sai da ya gani daga hagu. Wando ba yagewa ya yi ba, bayansa ne babu shi gaba ɗaya, sai aljihu ɗaya na reto. Gajeren cikin ma ya samu rabonsa.

Wata tsohuwar Baturiya mai sanduna biyu ta matso, ta kwance rigar ruwanta daga ƙugu ta miƙo mini tun ban taɓa ƙasa ba, ba ta ko yi murmushi ba. Wallahi da ta yi dariya da ya fi mini sauƙi.

Amma ni duk wannan bai ci mini rai kamar Auta ba. Yaron nan shi ke bayana tun da muka sauko daga tsaunin. Awa nawa yana kallo! Da na tsare shi, cewa ya yi, "Yaya, na ga kana cikin nishaɗi ne, ban so in ɓata maka." Yaron da ni na biya masa kuɗin mai. Ni na ara masa takalmin da ke ƙafarsa, kuma har yau bai dawo da shi ba, wai yana shanya. Takalmi wace irin shanya?

Sauran tafiyar, da tsallaken duwatsu a rafi da wancan hawan mai kashe gwiwa kafin a kai mota, da rigar tsohuwa a ƙuguna na yi ta. Injiniya ya tsaya nuna mana sawun dinoso, wata dabbar da ta ƙare tun zamanin da, a jikin wani dutse, ko kallo ban yi ba. Tsohuwar kuma ta riga mu fita, ban san inda zan kai mata rigarta ba. Shuɗiya ce, in akwai mai so.