Kogi Ba Ya Shanye Datti Nan Take

Sau da yawa za ka ji ana cewa ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa, wai da an zuba abu shi ke nan, ya narke ya ɓace. Ba haka abin yake ba.

Dattin da ya shiga ta bakin gaɓa yana saurin gauraya daga sama zuwa ƙasa. Ya ratsa zuwa ɗaya gaɓar kuwa, nan ake yin ta. Sai ya yi ta bin gefe kamar zare, wani lokacin har kilomitoci. A lissafin masana, idan faɗin kogi ya ninka biyu, zurfi da gudu suna nan yadda suke, nisan da zai ci kafin ya gauraye yakan ninka huɗu. Shi ya sa injiniyoyi ke zuba rini marar illa, su bi shi suna ɗiban ruwa suna aunawa.

Ɗauki Kogin Challawa a Kano, inda ruwan masana'antun jima ke shiga. Da rani, ruwa ya ja baya, mai ɗiba a gefen magudanar ya fi na tsallake kwasar guba. Sinadarin kuromiyom ma, wanda ake jeme fata da shi, wani ɓangarensa kwanciya yake cikin laka, sai damina ta tono shi.