Gaskiya kwalkwalin nan shi ne labarin

Salamu alaikum, daga Tawa nake rubutu. Na karanta bayanin da kuka yi kan yadda ake maida littafin zane na Judge Dredd fim, kuma wallahi abin ya taɓa ni don tun ina ɗan lakwal wana ya kawo min wasu daga Yamai, takardun duk sun yi ja, muna karantawa a zaure har magariba.

Shi labarin tun 1977 ya fara fitowa a mujallar 2000 AD ta Ingila, kuma habaici ne ga mulkin danniya, mutum ɗaya shi ne ɗan sanda shi ne alƙali shi ne mai zartar da hukunci nan take a bakin titi, shi ya sa ba a nuna fuskarsa, kullum tana cikin kwalkwali, doka ce marar fuska. To a fim ɗin 1995 sai Sylvester Stallone ya tuɓe kwalkwalin don a ga jarumi, shi ke nan habaicin ya mutu, muka kalla a gidan bidiyo yara na ta tafi suna yabon mutumin da ya kamata su ji tsoronsa, raina ya ɓaci sosai. Na 2012 da Karl Urban ya fi, bai cire ba ko sau ɗaya.

Ni ban yarda sai da miliyoyin dala ake wannan aiki ba. Marigayi Moustapha Alassane, mai shirya fim da ya zauna nan Tawa, tun 1966 ya yi fim ɗin Bon Voyage Sim, da zanen kwaɗi kawai ya nuna halin shugabanni. Allah ya jiƙansa, don Allah ku yi rahoto a kansa.