Kirista da Hindu: ba a lissafin uku-uku maganar take ba

A majalisun shayi na Nima da Mamobi a Accra, da zarar hira ta gangaro kan addinin Indiyawa sai a yanke hukunci nan take: wai Kirista na da uku, Hindu ma na da uku, ashe tafiyar ɗaya ce. Jama'a, wannan ilimin kallon fim ne. Ba kuma sai an je Indiya za a bincika ba. Gidan ibadar Hindu na nan Odorkor tun 1975, wanda Swami Ghanananda, ɗan Ghana, ya jagoranta, kuma yawancin masu ibada a can 'yan ƙasa ne. 'Yan Hare Krishna, wani reshe na Hindu, kuma suna Medie, kusa da Accra.

Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, a wurin Kirista Allah ɗaya ne. An tsayar da aƙidar a taron shugabannin coci na Nikiya a 325, aka ƙarasa ta a Kustantiniya a 381, kuma a yawancin coci-coci wanda ya musa ta ya fita. Ukun Hindu kuwa, Brahma da Vishnu da Shiva, rabon aiki ne: halitta, kiyayewa, rushewa. Mutum na iya tsufa cikin Hindu bai damu da wannan jeri ba. Mai bin Vishnu, Vishnu ne komai a wurinsa, haka mai bin Shiva. Brahma ma ko a Indiya ɗakunan bautarsa ba su taka kara sun karya ba, sanannen cikinsu shi ne na Pushkar.

A ganina, a bakin kabari hanya ta rabu. Kirista ya yarda rai ɗaya ne, mutuwa ɗaya, sai tashi da hisabi, kuma a nan ya fi kusa da Musulmi nesa ba kusa ba. Hindu ya ce ana mutuwa ana dawowa, aikin mutum, wato karma, shi ke zaɓa masa haihuwa ta gaba, burin kuma shi ne moksha, a kuɓuta daga zagayen ɗungurungum. Shi ya sa kwatanta Yesu da Krishna ke gurguncewa. Kirista ya ce sau ɗaya tak Allah ya zama mutum, ya mutu, ya tashi, ba maimaici. Vishnu kuwa yakan sauko duk lokacin da duniya ta lalace. Jerin da aka fi sani goma ne, har da Rama da Krishna, na ƙarshen, Kalki, ana jiransa.

Kamancen da ya fi burge ni ba a cika ambatonsa ba. Mabiya Vishnu na kudancin Indiya sun rabu biyu kan yadda ake samun ceto. Ɓangaren Vadakalai suka ce kamar ɗan biri ne, uwa ke ɗaukarsa amma sai ya ƙanƙame ta. Tenkalai suka ce a'a, kamar ɗan kyanwa ne, uwa ke cafke shi a wuya, shi bai yi komai ba. Duk wanda ya san rigimar da Martin Luther, malamin coci ɗan Jamus, ya tayar a 1517 kan bangaskiya da ayyuka zai ji kamar a coci ake musun.

Sauran na ido ne: turare, ƙararrawa, fitila, carbi. Na Katolika ƙwaya 59 ne, na Hindu 108. Gawa kuwa, Hindu ƙonawa suke, galibi cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali Kirista a nan Accra kan ajiye mamaci makonni a mutuware kafin dangi su gama shiri. Cocin Katolika ma sai a 1963 ta sassauta haramcin ƙona gawa, kuma har yau binnewa ta fi so.