An bar jaki ana ta dukan taiki

Jama'a don girman Allah ku daina turo min saƙon muryar nan, na ji shi. Tun jiya sau bakwai aka turo min, har a guruf ɗin masallacin unguwa, har gwaggona da ba ta taɓa turo min komai ba sai barka da Juma'a ita ma ta turo ta ce in saurara da kyau. Minti goma sha ɗaya bawan Allah yana zuba da irin muryar masu tallan magani a tasha, wai shi ya gano abin da ke kashe matasa da ciwon daji, magi ne da ƙarfen sabis da allurar rigakafin da Turawa ke yi wa yaranmu. Kana kaiwa minti na tara sai ga lambar waya, garin magani, a dama da kunu safe da yamma, ana aikawa ko'ina a Najeriya har Nijar. Masha Allah, Farfesa. Duniya ta kashe biliyoyi tana bincike ashe amsar tana cikin ƙullin leda a wajenka.

Abin da ya ƙona min rai kuwa, da sunan yaron nan ya buɗe saƙon, ko sadakar uku ba a yi ba. Kun san wanda nake nufi ba sai na kama suna ba. Shekararsa 34, 'ya'ya biyu, matarsa da tsohon ciki. Ni na riƙe fayil ɗinsa a asibiti, ni na tsaya likita ya yi min bayani a baranda saboda babansa ya kasa tsayuwa. Sankarar hanta ce. Kuma abin da ya jawo ta yana da suna, ciwon hanta nau'in B, wanda likitan ya ce da alama tun yana ƙaramin yaro yake ɗauke da shi bai sani ba. Bai taɓa gwaji ba. Ni ma da nake wannan surutun sai a satin na je na yi nawa, hannuna na rawa.

To ku je ku yi gwajin hanta. Duk dogon rubutun nan maganar ke nan, wanda ba shi da data ya tsaya a nan ma ya samu abin da nake so ya samu.

Eh, gaskiya ne ciwon daji yana ƙaruwa a tsakanin waɗanda ba su kai 50 ba, wannan ba Farfesan WhatsApp ne ya gano ba. Akwai binciken da mujallar BMJ Oncology ta fitar a 2023, ya nuna daga 1990 zuwa 2019 sababbin masu kamuwa 'yan ƙasa da shekara 50 sun ƙaru da kashi 79 cikin 100 a duniya. Wani zai ce ai mutane ma sun ƙaru kuma na'urorin gwaji sun ƙaru, eh na ji, akwai wannan a ciki, amma bai cinye lissafin duka ba. A Amurka sankarar hanji ta addabi matasa har sai da suka sauko da shekarun fara dubawa daga 50 zuwa 45 a 2021. Chadwick Boseman ɗan fim da ita ya mutu a 2020 yana da shekara 43, mutumin da in ka gan shi ka ce ƙarfe ne. Matar Yarima William na Ingila tana da 42 ta fito a 2024 ta ce an same ta da daji. Waɗannan fa ba kuɗin asibiti suka rasa ba, kuma ban ji an ce kishiya ce ta yi musu jifa ba.

Su can abin da likitocinsu ke zargi a fili yake, ƙiba tun daga yarinta, lemon kwalba kamar ruwan sha, abincin leda da na gwangwani, naman da aka sarrafa irin su tsiran Turawa wanda hukumar binciken daji ta WHO ta sa a jerin masu jawo sankara tun 2015, giya, zama wuri ɗaya daga safe har dare, da shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai da ke hargitsa ƙwayoyin da ke zaune a hanji. A 2025 ma an fitar da wani bincike a mujallar Nature kan wata guba, kolibaktin, da wasu ƙwayoyin hanji ke fitarwa, aka ga tabonta ya fi yawa sosai a sankarar waɗanda suka kamu kafin shekara 40 fiye da ta tsofaffi, kuma ana ganin tun suna yara aka yi ɓarnar. Kuma mu ma mun bi sahu, ba na musu, dubi abin da muke zuba wa yara a jakar makaranta, dubi yadda shisha ta zama ado, dubi yadda daga ƙofar gida zuwa bakin titi sai an hau adaidaita.

Amma mu namu ya fi nasu ban haushi, domin su suna laluben ɓarawo a duhu ne, mu kuwa namu ɓarawon yana zaune a tsakar gida da rana tsaka mun san sunansa mun san na ubansa, muka tsallake shi muka tafi duka a kan magi. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin kowane 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ku lissafa da kanku. Jiya a wajen zaman makoki mun kai mu hamsin a kan tabarmi, ke nan a lissafi akwai kamar mutum huɗu a cikinmu da ke ɗauke da abin da ya kashe mamacin, suna ta Allah ya jiƙansa, suna ta tura saƙon Farfesa, kuma na rantse da wuya a samu ɗaya a ciki da ya san matsayinsa.

Ciwon nan ba ya ihu, shi ya sa muka raina shi. Jariri ya ɗauka wajen uwa ranar haihuwa, ko yaro ya ɗauka ta jini, askar wanzami ɗaya a yi wa yara goma kaciya, cire beli, tsaga, ƙaho, reza ɗaya gida guda ana yankan farce, mai yankan farce na yawo da almakashinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan. In babba ya kamu yawanci jikinsa na korar abin da kansa, amma jariri in ya kamu, kusan 9 cikin 10 zai zauna masa har girma. Sai ya yi shekara ashirin, talatin, yana cin hanta a hankali, mutum na ƙwallo yana kasuwa yana aure, lafiya lau. Ranar da ido ya yi ɗorawa sai a ce shawara ce a jiƙa saiwa. Ranar da ciki ya kumbura sai a ce sammu ne an ba shi a abinci. Ranar da aka yarda aka je asibiti likita ya duba hoto ya yi shiru. Shi ya sa a Turai da Japan sankarar hanta ciwon tsofaffi ce, mu a nan Afirka ta Yamma 'yan talatin da arba'in take ɗauka, masu ƙananan yara.

Ga kuma abokin tafiyarsa da ba mai son a ambata saboda ya taɓa abincinmu. Gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba aka zuba a buhu, wannan fumfunar da ke fito musu tana fitar da guba, aflatoksin, kuma dahuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Mai hankali ya tsince mai kyau ya kai kasuwa, ruɓaɓɓiyar fa? Ita ake niƙawa a yi ƙuli-ƙuli da tunkuza da yajin tsire, ai ba a asara. In gubar nan ta haɗu da ciwon hanta a jiki ɗaya haɗarin ninkuwa yake yi ba ƙaruwa ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan har magani ta haɗa da ake watsawa a gona, Aflasafe, manomi nawa ne a ƙauyenku ya taɓa jin sunansa? Amma kowa ya ji labarin ƙarfen sabis.

Yanzu ku dubi inda rainin hankalin Farfesa ya kai maƙura. Allurar da yake cewa ita ke kawo daji, ita ce fa take hana wannan dajin. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin ciwon hanta a 1984, bayan shekaru suka ga sankarar hanta a yaransu ta faɗi warwas. Gambiya nan kusa da mu an fara tun 1986. Mu sai 2004 aka sa ta a cikin rigakafin yara, ma'ana duk wanda aka haifa kafin nan, ni da kai da ke da mamacin, ba a yi mana ba sai dai in mutum ya je da ƙafarsa ya nema. Mu ne dai matasan da ake ta cewa suna mutuwa. Kuma allurar farko a cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta, mu kuwa haihuwa a gida, mai jego ba ta fita sai an yi arba'in, in an ce a kai jariri asibiti kaka ta ce iska za ta shige shi. Haka da aka kawo rigakafin sankarar bakin mahaifa a Oktoban 2023 don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kyauta, me muka ce? An zo hana su haihuwa. Wannan waƙar tun zamanin foliyo muke rera ta, kuma muna ganin waɗanda suka biya kuɗin waƙar suna jan ƙafa a bakin danja.

Na san masu kwament sun riga sun wasa wuƙa. Ajali ne, ko ya yi gwaji sai ya mutu. Na'am, ajali ne, ban taɓa musun wannan ba, amma kai da ka faɗa me ya sa kake duba hagu da dama kafin ka tsallaka titin Zariya Rod? Ka rufe ido ka shiga mana tunda ajali ne. Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Wani kuma zai ce kakanninmu ba su yi gwaji ba suka shekara ɗari. Wanda ya shekara ɗarin kake gani malam, 'yan uwansa takwas da aka ce ciwon ciki ne ko mayu ne suka kama su ba wanda ya ƙirga. Masu cewa daji ba ya son allura kuwa, ba ni da lokacinku yau, mun binne mutane da yawa da wannan maganar, mata nawa suka ɓoye ƙullutu a mama shekara guda ana shafa musu toka da man shanu sai da ya fashe.

Sai masu tsoro, su kam ina tausaya musu don ni ma na ji shi. In na je aka ce ina da shi fa? To wallahi gara ka sani. Ba hukuncin kisa ba ne, wasu ma ba sa buƙatar magani sai dai a riƙa duba su lokaci-lokaci, waɗanda ke buƙata akwai ƙwaya ɗaya a rana da ke danne shi ta rage haɗarin sankarar sosai, a gwada matarka da yaranka, wanda ba shi da shi a yi masa allura uku ya huta. In ba ka da shi kai ma ka karɓi allurarka ka tafi kasuwarka. Digon jini ne a yatsa, kafin ka gama duba Facebook sakamako ya fito, kuɗinsa bai kai datar da muke ƙonawa a TikTok ba. A Kano ma tun 2024 doka ta sa shi a cikin gwajin kafin aure, to amma don Allah kar a mayar da shi takardar da ake saye a ba liman, kuma kai da ka yi aure tun 2015 dokar ba ta biyo ka gida ba, kai za ka kai kanka.

Daren da ya rasu ina gefen gadon, ya rame har ba ka gane shi sai cikin, ya ce min in kula masa da karatun babbar. Ban iya amsawa ba, kai kawai na gyaɗa. Shi ya sa in na ji wani na sayar da gari da sunansa nake jin kamar in yi ta zagi, amma na bar shi da Allah. Matar tasa an gwada ta, an kuma gaya wa ungozoma abin da za a yi ranar da ta sauka. Ku sa ta a addu'a.

Gwaggo ki yi haƙuri in kin ga wannan, ba da ke nake ba, gobe zan zo in kai ki a yi miki naki.

Af, kafin in manta. Wanda ya saka takalmina ya tafi jiya a wajen zaman makokin bayan la'asar, baƙi ne sau ciki lamba 43, ya bar min wani silifas ɗan madina da aka ɗaure da waya, ni ban ce sata ba ce, na ɗauka ruɗewa ce. A ajiye min a shagon mai shayin bakin layi ba sai mun haɗu ba. Wannan ne karo na biyu a bana, na farkon a ɗaurin aure ne, kuma ina da wanda nake zargi.