Kafin a laƙaba wa yaro cuta, a fara duba kunnensa

Yaro ne ɗan shekara uku, ba ya magana. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, in aka karɓe masa abin wasa sai ya zube yana buga kai da ƙasa. Dangi sun ce a ƙyale shi, ai mahaifinsa ma ya makara wajen buɗe baki. Wani likita kuma ya dube shi na minti goma ya rubuta otizim a takarda, wato larurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Ni a ganina, duka biyun sun cuci yaron.

Alama ɗaya tana iya fitowa daga tushe da yawa. Yaron da ba ya ji sosai shi ma ba zai amsa kira ba, maganarsa za ta makara, kuma takaicin rashin fahimtarsa zai sa shi fushi. Shi ya sa gwajin ji ya kamata ya zo a gaba. Akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙa kamar ya tafi wata duniya, malami ya ɗauka sakarci ne, alhali gwajin ƙwaƙwalwa na EEG zai iya gano ta. Ƙarancin sinadarin tayirod, wanda wani ƙullutu a wuya ke samarwa, da kuma shigar gubar dalma cikin jini su ma suna dakushe koyo, kuma ana magance su.

Su kansu masana sun daɗe suna gyara fahimtarsu. A 1943 likitan ƙwaƙwalwa Leo Kanner ya bayyana otizim a kan yara 11 kacal a Amurka. Sai a 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na DSM-5 ya amince a ce yaro ɗaya yana da otizim tare da ADHD, wato matsalar rashin natsuwa da ƙiriniya mai tsanani. To in haka ne, ina laifin uwar da ta nemi ra'ayin likita na biyu?

Iyaye kuwa su ne manyan shaidu. Yaro kan nutsu a gaban baƙo, don haka ke uwa, ki ɗauki bidiyonsa a waya lokacin da abin ya motsa. Ki rubuta watan da ya fara nuni da yatsa, da watan da kalmar da ya iya ta ɓace. Ɓacewar abin da yaro ya riga ya iya ba abin jira ba ne ko kaɗan. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar a tantance kowane yaro don gano alamun otizim a wata 18 da wata 24.

Binciken gaskiya yana cin watanni, yana buƙatar likitan yara, da masanin halayya, da mai koyar da magana. Amma horon magana da koya wa yaro nuna buƙatarsa da hoto ko hannu ba sa jiran sakamako, ana iya fara su tun ana kan layin ganin ƙwararre.