Ƙuri'ar kansila shaida ce a kan wanda ka sani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa, ina so mu tunatar da juna game da wani zaɓe da muka ɗauka ba a bakin komai ba, wato zaɓen ciyaman da kansila. Idan na shugaban ƙasa ko na gwamna ya zo, ana sallame sallar asuba ake tafiya kama layi, wasu har kwana suke yi a wurin tattara sakamako. Ranar zaɓen ƙananan hukumomi kuwa ta zama ranar hutu. An hana zirga-zirga, matasa sun jera duwatsu a titi suna buga ƙwallo, magidanta suna ƙofar gida ana hira, akwati yana can a gindin bishiya shi da malaman zaɓe. Wallahi wannan abu yana damuna, domin a ganina babu ƙuri'ar da ta fi ta wannan rana nauyi a wuyanmu.

Ga dalilina. Duk wanda ya dangwala wa mutum ƙuri'a ya ba da shaida ne cewa wannan ya cancanci a damƙa masa al'amarin jama'a. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 283: "Kada ku ɓoye shaida, wanda duk ya ɓoye ta, to lalle zuciyarsa mai zunubi ce." Ayar ta zo ne a cikin maganar bashi da jingina, amma malamai da dama na wannan zamani sun kafa hujja da ita a kan zaɓe. To, shaida tana tafiya ne da sani. Ɗan takarar shugaban ƙasa a rediyo ka ji muryarsa, a fosta ka ga fuskarsa. Idan ya ci amana, kana da bakin cewa, "Ya Ubangiji, ban san shi ba, abin da aka faɗa mini na bi." Mai neman kansila fa? Tare kuka yi makarantar allo. Ka san ko yana biyan bashi. Ka san lokacin da aka ba shi ajiyar kuɗin gyaran masallaci, ka san yadda aka ƙare. Ka san yadda ya riƙe marayun yayansa. Ka san ko yana zuwa jana'izar talaka, ko sai ta mai hali. A kansa ba ka da uzurin jahilci ko kaɗan.

Idan aka zo gidanka bincike a kan yaron da ke neman auren 'yar maƙwabcinka, ai ba ka cewa babu ruwanka. Kana faɗin abin da ka sani tsakaninka da Allah, don ka san rayuwar yarinya ce za a ɗora a kan maganarka. To a nan rayuwar mazaɓa guda ake ɗorawa.

Wani zai ce, me kansila yake iya yi? Mu duba abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Kano kaɗai tana da 44, da mazaɓu 484, Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, Jigawa 27, Kaduna da Sakkwato 23 kowacce. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 7, ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, kuma a jadawali na huɗu ya jera ayyukansu: kasuwa, tashar mota, mayanka, maƙabarta, kwashe shara, magudanan ruwa, hanyoyin cikin unguwa, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a harkar firamare da lafiya. Daga asusun tarayya ana ware musu kashi 20.6 cikin 100. Ku sake karanta jerin nan a hankali. Daga ranar da aka haifi mutum har ranar da aka kai shi makwancinsa, bai fita daga hannun ƙaramar hukuma ba.

Kwalbatin da ya toshe da leda, ruwan Agusta ya dawo ya cika tsakar gida har ɗakin tsohuwa ya zauna, nasu ne. Asibitin sha-ka-tafi da aka kai mai naƙuda cikin dare aka tarar da kwaɗo a ƙofa, aka ɗora ta a babur zuwa gari, akwai hannunsu a ciki. Katangar maƙabarta da ta faɗi, dabbobi suna ratsawa ta kan iyayenmu, tasu ce. Kuma sau da yawa rumfar zaɓen ma a makarantar firamaren unguwa ake kafa ta. Duk wanda ya je, ya leƙa ajin da ke bayan malamin zaɓe: kwano ya yaye, allo ya tsage, babu benci, 'ya'yanmu a ƙasa suke zama. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce imani rassa ne saba'in da 'yan kai, mafi ƙanƙantarsu shi ne kawar da abin cutarwa daga hanya. Idan ɗauke ƙaya ɗaya daga hanya reshen imani ne, yaya zaɓen wanda za a damƙa wa hanyar gaba ɗaya?

Na san abin da ke ran da yawanku, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Za ku ce an riga an rubuta sakamako. Wannan magana tana da tushe. Hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya wannan zaɓe, gwamna ne kuma ke naɗa shugabanninsu. A watan Oktoban 2024, NNPP ta lashe kujerun ciyaman 44 na Kano duka, APC ta lashe 23 na Kaduna duka. Jam'iyyu biyu daban, labari ɗaya, saboda haka kada kowa ya ɗauki maganar nan a matsayin suka ga wata jam'iyya. Shekaru da yawa kuma kantomomi aka yi ta naɗawa, kuɗin ƙananan hukumomi suna biyawa ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Sai a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce naɗa kantoma ya saɓa wa tsarin mulki, kuma a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa.

Duk da haka ban yarda zama a gida shi ne magani ba. Mai maguɗi babu abin da yake so irin rumfar da babu kowa, domin a nan ne zai cike takarda hankali kwance. Inda mutum ɗari uku suka jefa ƙuri'a, suka tsaya cikin natsuwa aka ƙirga a gabansu, aka ɗauki hoton takardar sakamako, sai an sha wahala kafin a juya. Kuma mun ga inda abin ya yiwu. A Abuja, inda INEC ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, a 2022 PDP ta ci uku, APC ta ci uku. A Kaduna ma da aka yi zaɓe da na'ura a 2018, 'yan adawa sun ci wasu kujeru. Bayan wannan, Allah ba zai tambaye ka sakamakon da wani ya sanar ba. Wanda ya canza alƙaluma shi zai amsa nasa. Kai abin da ke kanka shi ne: ka san gaskiya, ka faɗe ta ko ka ɓoye?

Akwai kuma inda muke sakaci tun kafin ranar. A yawancin wurare an gama zaɓen kansila tun a ranar fidda gwani, a falon wani babba, mutum biyar ko shida su ce an yi maslaha. Mutanen kirki na unguwa, limamai da malaman makaranta da dattawan kasuwa, sun ja jiki sun ce siyasa ƙazanta ce. To wa aka bar wa falon? Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce idan aka damƙa al'amari ga wanda ba ahalinsa ba, a jira tashin alƙiyama. Ku zauna a unguwa tun da wuri, ku duba wanda ya haɗa siffofi biyun da suka zo a Suratul Ƙasas, aya ta 26, mai ƙarfi kuma amintacce, ku je gidansa ku roƙe shi ya fito, ku tsaya masa a kowace jam'iyya yake. Amintacce marar kuzari zai zauna a zauren majalisa ana raba kasafi bai ce uffan ba. Mai kuzari marar amana kuwa kun san sauran.

Iyayenmu mata, ku gafarce ni, da ku nake yanzu, don na san ku aka fi bi gida-gida da taliya da sabulu da turmin atamfa. Na san halin da ake ciki, ban raina yunwar kowa ba. Amma ku ji wannan hadisi da Buhari da Muslim suka ruwaito: mutum uku Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama, cikinsu akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika alkawari, in an hana shi ya warware. Hajiya, taliyar nan kwana biyu za ta yi a gidan. Wanda ya kawo ta lissafi yake yi, kuma daga kuɗin maganin asibitin da za ki kai jikanki zai fanshe.

Haka nan masu cewa "namu ne, ɗan gidanmu ne." Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 135, mu tsayu da adalci, mu ba da shaida don Allah, ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi. In ɗan'uwanka ya cancanta, alhamdu lillah, ka zaɓe shi da hannu biyu. In ka san bai cancanta ba, taimakon da za ka yi masa shi ne kada ka ɗora masa abin da zai halaka shi.

Malamin zaɓe, alƙalamin da ke hannunka na shaida ne. Ka tuna ranar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yake lissafa manyan zunubai yana kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka ce ina ma ya yi shiru. Kai kuma ƙanena da aka ba ka ƙwaya da gora ka je ka fasa akwati, ka tambayi wanda ya aike ka ina nasa ɗan yake a ranar.

Masu neman kujerar, ga naku. Abu Zarri, Allah ya ƙara masa yarda, ya nemi Annabi ya ba shi muƙami. Sai Annabi ya dafa kafaɗarsa ya ce masa, kai mai rauni ne, kuma abin amana ne, ranar alƙiyama wulaƙanci ne da nadama, sai ga wanda ya karɓe shi da haƙƙinsa ya kuma sauke abin da ke kansa. Sahabi aka faɗa wa haka. Honorabul, in Allah ya ba ka, kada ka canza lambar waya, kada ka tashi daga unguwa, kada ka canza masallaci. Mu kuma idan mun zo ƙofarka, mu zo da maganar kwalbati da rijiyar burtsatse da kwanon aji, mu rage zuwa da katin ɗaurin aure da na suna, domin mu ma muna da hannu wajen tura kansila taɓa abin da ba nasa ba. In ya karkace, dattawa biyu ko uku su same shi a keɓe su yi masa nasiha kafin a kai shi Facebook.

Allah ya shugabantar mana da masu tsoronsa, masu tausayinmu, tun daga mazaɓa har sama. Amin.